Littafin da Aristeu Bai Iya Karantawa Ba

Shekara talatin da ɗaya Seu Aristeu Pimenta, wato Malam Aristeu, ya yi yana zama a kujera ɗaya kowace Lahadi, a barandar gidansa da ke unguwar Barreiro, da zarar an ci kaza da kuɓewa an kwashe kwanuka. A gabansa akwai kwalin sabulu da aka yanke aka tsayar kamar shamaki, don kada 'yan wasa su leƙa sirrin jagora. A bayan kwalin kuma ga littafin dokoki, wani jibgegen tarin fotokwafi mai shafi ɗari uku da 'yan kai. Shi ne jagoran wasa, Mestre kamar yadda suke kiransa. Shi ke faɗin inda aka tsinci kai, ko ƙurmin daji ko kurkukun wani sarki, shi ke yin muryar kowane dodo da kowace tsohuwa mai sayar da giya. Sauran kuwa kowa ya riƙe mutum ɗaya a cikin labarin, ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, ya jefa ɗan ludo mai fuska ashirin a ga ko ya dace. In gardama ta tashi, sai Aristeu ya lashi yatsa, ya buɗe littafi, ya bi layi da farce, ya ce ga abin da doka ta ce. Daga nan ko tari babu mai ƙarawa.

Littafin nan da Turanci aka rubuta shi. Aristeu kuwa bai san Turanci ba, ko na roƙon ruwan sha.

Ba da niyya ya fara ba, a yi masa wannan adalcin. A shekarar 1993 yana aiki a wani shagon fotokwafi kusa da jami'a. A wancan lokacin duk mai wannan wasa a garin nan da kwafi yake yi, kwafin kwafin kwafi, don littafin asali sai ɗan wanda babansa ke hawa jirgi. Wani ɗalibi ya kawo nasa a buga masa, Aristeu ya ga hotunan dodanni da takubba, ya ƙara buga guda ya ajiye wa kansa. Sau biyu ya ga ɗaliban suna wasan a matakalar shagon, ya tsaya yana saurare har takarda ta maƙale a inji. Ranar Lahadi ya tara abokansa. Eurico, wanda a lokacin sabon mai raba wasiƙu ne, ya ɗaga littafin ya juya shi ya ce, "Compadre, aminina, ashe kana jin Turanci?"

"Injin da nake aiki da shi duk Turanci ne," in ji Aristeu.

Bai yi ƙarya ba. Akwai kalmomi huɗu a jikin maɓallan injin, kuma ya san abin da kowanne ke yi. Ya yi niyyar ya gyara maganar Lahadi mai zuwa. To, Lahadi mai zuwa sai wasa ya yi daɗi, Eurico ya kashe wani ƙaton maciji da kujerar mashaya, aka yi ta dariya har maƙwabta suka leƙo. Wa zai ɓata irin wannan rana da gaskiya? Ya ɗaga zuwa wata Lahadin. Haka ya yi ta ɗagawa har ya auri Dona Neuza, suka haifi 'yan mata biyu, suka aurar da su, wayar hannu ta zo ta kashe sana'ar kwafi, gashin kansa ya zube.

Daga Litinin zuwa Asabar shi ba kowa ba ne. Tsoho ne mai ƙaramin tumbi da ke tsayawa a layin burodi, wanda in an manta sunansa sai a ce, ai mutumin nan na kwafi. Amma ranar Lahadi da ƙarfe biyu, in ya sha mur ya ce ƙofar kogon ta buɗe da kanta, manya masu jikoki sai su daina tauna.

Mutum uku ne suka dawwama a teburin. Akwai Tadeu wanzami, wanda jaruminsa bai taɓa ganin ƙofa ya ƙwanƙwasa ba, sai dai ya ɓalle ta. Akwai Genilda, wadda ta shekara ashirin tana kwandasta a bas kafin ta koma gidan burodi, mai murya kamar tana kiran tasha, ɓarauniya take riƙewa a wasan kuma ta iya. Sai Eurico, wanda yanzu ya yi ritaya, mai riƙe da wani tsohon matsafi a wasan. Shi Eurico bala'i ne mai ladabi. Tun shekarar farko ya sayi littafin rubutu, duk hukuncin da Mestre ya yanke sai ya rubuta shi da kwanan wata da lambar shafi. Littattafan sun kai tara.

Wata rana ya lura cewa dokoki arba'in da bakwai duk daga shafi na 211 suka fito. Dalili kuwa shi ne a nan ɗinkin littafin ya saki, in an buɗe nan yake faɗawa. Aristeu ya sha jinin jikinsa, ya ce yau kam asiri ya tonu. Sai Eurico ya girgiza kai cikin mamaki ya ce, "Kai, Turanci yare ne mai tattali. Dubi abin da suka cusa a shafi ɗaya."

Da Tadeu ya zo da labarin cewa ai an daɗe da fassara littafin, ana sayar da shi a kanti har da hotuna masu launi, Aristeu ko gezau bai yi ba. Ya ce wannan sabon bugu ne, sun lalata shi don yara, nasu shi ne na asali. Tadeu har haƙuri ya ba shi.

Mutum ɗaya ce ta sani, Dona Neuza. Ta gane tun wata tafiya da suka yi zuwa garin Ouro Preto suna sababbin aure, inda wani Bature mai jan hanci ya tambaye su hanya, masanin Turancin nata ya zille ya ɓuya a bayanta yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ba ta taɓa tona shi ba. Sai dai duk ranar da suka yi faɗa, in ta ajiye masa kofi, takan ce, "Ga shi nan, farfesa."

A watan Maris na bara muryarsa ta fara dishewa. Ya sha zuma da lemun tsami, ya sha citta, dodon wutar da yake ji da muryarsa ya koma kamar agwagwa. Likita ya leƙa maƙogwaron ya ce wani ɗan ƙari ne, ba mai kisa ba, amma sai an yanke. Bayan aiki wata biyu ba magana ko ɗaya, bayan nan kuma magana a hankali, a taƙaice.

"Ihu fa, likita? Kamar na dodo haka?"

Likita ya dube shi ta saman tabarau ya ce ihu ya ƙare.

Ba wuƙar ce ta tsorata shi ba. Ya san yadda teburan wasa ke mutuwa, don ya ga na mutane da yawa. Ba faɗa ake yi ba. Lahadi ɗaya ake tsallakewa, sai ta biyu, sai surukin wani ya yi gashin nama, sai a haɗu a jana'iza bayan shekara biyar ana cewa ya kamata mu sake zama. In ba a sami wanda zai hau kujerar bayan kwali ba, nasa ma haka zai tafi, kuma in ya tafi Aristeu bai san me zai yi da ranar Lahadi ba, balle sauran ranakun da yake jurewa saboda ita.

Ya kawo maganar a teburi da 'yar muryarsa ta agwagwa. Tadeu ya ce shi ko takardar wutar lantarki matarsa ke karanta masa. Eurico ya dafa ƙirji ya ce shi mai rubuta doka ne, bai kai mai karanta ta ba. Genilda ta nuna littafin da haɓa.

"Seu Aristeu, ni da na bar makaranta a aji bakwai? Ka shekara talatin kana haƙa wannan abu kuma har yau kana buɗawa kana dubawa. Ni ina da aiki ƙarfe biyar na asuba. Ka bar ni da satata."

"Abin ba wuya," ya ce.

"In ba wuya me ya sa yake da nauyin buhun wake?"

Sai ya yi musu alkawarin zai sauƙaƙa. Zai rubuta duk abin da jagora ke bukata a takarda ɗaya tak, gaba da baya, yadda ko mai tashi ƙarfe biyar zai iya. Kuma da an bar shi, da ya yi. Ranar Litinin ya rubuta layi shida: ka faɗi inda suke, ka tambaye su me za su yi, in abin da wuya su jefa, babbar lamba nasara, ƙarama matsala, in sun fara hamma ka turo dodo. Ya duba ya ga wallahi iyakar abin da ya sani ke nan. Kunya ta kama shi.

Ranar Talata Eurico ya iso da littattafansa tara a cikin tsohuwar jakar wasiƙu, wai ya zo taimako. Ya karanta layi shidan ya yi murmushi irin na wanda aka gwada.

"Compadre, ina dokar faɗowa daga doki cikin ruwa? Ina ta tsafi a ranar da aka yi ruwan sama? Ina ta cinikin alfadari da maras hannu ɗaya?"

"Wannan ba dole ba ne."

"Ba dole ba? Sha huɗu ga Yuni 1998, shafi na 211, kai da bakinka ka ce wanda ya bar ta ya bar wasan."

Aristeu ya tuna ranar. Haƙori ke masa ciwo, Tadeu kuma ya dame shi. Ya ɗauki biro ya rubuta. Kwana tara suna wannan aiki, Eurico na karantowa, shi yana kwafe ƙaryar kansa da hannunsa, wata ma tana karo da wata sai sun ƙirƙiro ta uku ta sasanta su. Takarda ɗaya ta zama shafi hamsin da takwas. Da ya miƙa wa Genilda, ta auna a tafin hannu kamar burodi ta ce, "Wannan ne mai sauƙin?" Ta mayar masa da abinsa.

Aka yi masa aikin maƙogwaro, aka sallame shi da ɗan allo da alli da tarin takardu. Lahadi ta farko suka zo dubiya da ayaba. Ta biyu Tadeu ya aiko da gaisuwa. Ta uku ba wanda ya zo, Eurico ma an gan shi a mashayar kusurwa yana kallon ƙwallo, mutumin da bai san 'yan wasa nawa ne a fili ba. Aristeu ya zauna a baranda shi da kwalin sabulu har rana ta juya. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko ranar da aka rufe shagon kwafi.

Dona Neuza ta fito da tsintsiya ta tsaya a kansa.

"Ka gina katanga shekara talatin, yanzu kana mamakin ba mai iya tsallakewa. Ka gaya musu mana."

Ya rubuta a allo: Za su raina ni.

"Ni na sani tun ina da ƙugu, kuma ga ni nan ina dafa maka wake. Ɗaga ƙafarka."

Ita ta kira su Lahadi ta huɗu, ta ce ta yi burodin cuku da yawa, wanda bai zo ba kada ya ƙara gaishe ta a coci. Suka zo. Aristeu ya sa rigarsa ta zuwa biki. Ya kwana biyu yana rubuta takardar, ya yaga bakwai, ta takwas ya miƙa wa Eurico, ya yi masa alama ya karanta a fili.

Eurico ya gyara tabarau ya karanta: "Ban iya Turanci ba. Ban taɓa karanta ko layi ɗaya na littafin nan ba. Duk dokokin ni na ƙirƙira, a nan take, wasu don labari ya yi daɗi, wasu don haushin Tadeu. Ban san abin da ke shafi na 211 ba. Duk wanda ya iya ba da labari zai iya zama a kujerar nan. Ku yafe mini."

Aristeu ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya shekara talatin da ɗaya yana gudu. Sai ya ji ana jan hanci. Ya ɗago ya ga Eurico ya cire tabarau yana share ido.

"Kun ga mutum," in ji Eurico. "Kun ga inda ƙauna ta kai shi. Ya yarda ya zubar da mutuncinsa, ya yi wa kansa ƙarya, don kawai mu sami ƙarfin hali."

Aristeu ya fizgi allo ya rubuta da manyan baƙaƙe: GASKIYA NE.

"Haba Mestre," in ji Tadeu yana dariya da burodi a baki. "Mutum ɗaya ya ƙirƙiro dokar cinikin alfadari? Da kana da wannan kan ai da ba kwafi ka ƙare ba."

Ya buga allon a teburi, ya nuna matarsa ta ba da shaida. Dona Neuza ta ɗaga kafaɗa ta ce ita wake ta sani, ta shige ciki, ana jin dariyarta daga madafa. Abin ya yi masa ciwo fiye da rainin da ya ji tsoro. Shekara talatin da ɗaya yana shirga musu ƙarya suna rubutawa, yau ya faɗi gaskiya guda ɗaya tak sun ce bai isa ba.

Genilda ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Mace ce da ta shekara ashirin tana kallon fuskokin fasinjoji, ta san ta mai ƙarya, ta san ta wanda ya kai maƙura. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta karkaɗe garin burodi daga cinyarta, ta tashi, ta zagaya teburin.

"Matsa, Seu Aristeu."

Ya matsa. Ta zauna a bayan kwali, ta ɗauki shafi hamsin da takwas ɗin nan ta ɗora butar kofi a kai don kada ta ƙona teburi.

"Kai ɗan kwale-kwale ne, mai tsallakar da mutane," ta ce masa. "Bebe ne, tsoho, kowa a kogin ya san shi. Abin da za ka yi ka rubuta. Ku kuma kuna cikin kwale-kwalensa, kuma akwai wanda bai kamata ya hau ba."

A gaskiya ba ta iya ba, in ana maganar iyawa. Ta manta sunan sarki sau biyu, ta sake masa wani. Dodonta na ruwa yana magana sak kamar mashayin da bas ta wuce da shi tasharsa. Kogin ma tasha-tasha gare shi, kowace da masu jiran hawa da kaji da kaya. Aristeu ya zauna a kujerar da ba tasa ba yana ƙirga kurakuranta, ya kai goma sha ɗaya. Sai ya lura Tadeu ya ajiye burodi ya daina tauna. Kishi ya soke shi a ƙirji, ya kuma ji yana son ya san wane ne bai kamata ya hau ba.

Can dodon ya kifar da gefen kwale-kwale, matsafin Eurico ya faɗa ruwa da jakar layunsa. Aristeu bai tsaya tunani ba, ya rubuta: Na bi shi. Genilda ta turo masa ɗan ludo. Bai taɓa jefa shi a fili ba, kullum a bayan kwali yake jefawa, inda lamba ke zama abin da ya ga dama. Ya jefa a gaban kowa. Biyu.

Eurico ya buɗe littafinsa na huɗu ba tare da ya so ba, fuskarsa kamar mai kai wasiƙar mutuwa.

"Takwas ga Agusta 2004, shafi na 211. Wanda ya faɗa kogi mai gudu ya jefa ƙasa da biyar, ya nutse, babu ceto." Ya rufe littafin a hankali. "Ka yi haƙuri, compadre. Doka ce."

Aristeu ya san dokar. Ya ƙirƙiro ta ne ranar da Tadeu ya yi masa mummunan aski. Yanzu ga shi minti arba'in da zama ɗan wasa a karon farko a rayuwarsa, ƙaryarsa ta shekara ashirin ta dawo ta kashe shi, kuma ga mamakinsa ya ji ba ya son tsohon beben nan ya mutu.

Genilda ta jawo babban littafin. Ta lashi yatsa. Littafin ya faɗa inda ya saba faɗawa, ta bi layi da farce, a hankali, har ƙasa, tana motsa leɓe. Ta yi ɗan tsaki irin na wanda ya gano abu.

"Akwai ƙaramin rubutu a ƙasa da Mestre bai taɓa karanta mana ba, don ba a taɓa samun ɗan kwale-kwale a teburin nan ba. Ya ce wanda ya shekara talatin yana tsallakar da mutane, ruwa ba ya cinsa. Sai dai ya kwashe masa takalmi."

Eurico ya buɗe baki. Ya juya wajen Aristeu.

"Haka ne, Mestre?"

Genilda ta ɗago littafin ta saman kwali ta miƙo masa, farcenta na kan wani layi, idonta cikin nasa, fuskar nan ba alamar wasa. Aristeu ya sa tabarau. Ya dubi baƙaƙen da ya shekara talatin da ɗaya yana duba, sun dushe, sun yi dabbare-dabbare, yau ma ba su ce masa komai ba. Ya bi layin da nasa farcen har ƙarshe. Ya gyaɗa kai.

"Arba'in da takwas ke nan a shafi ɗaya," in ji Eurico, ya cire murfin biro ya rubuta kwanan wata.

Genilda ta mayar da littafin bayan kwali, ta zuba wa kanta kofi.

"To, ka fito gaɓa, ka jiƙe sharkaf, ba takalmi, ga matsafi a kafaɗarka yana aman ruwa. Daga cikin ciyawa wani yana kiran sunanka. Me za ka yi?"

Sau dubu nawa ya yi wa mutane wannan tambaya, ba wanda ya taɓa yi masa ita. Ya riƙe allin ya kasa rubuta komai, idonsa ya cika, su ukun suka zuba masa ido suna jira.

"Ka yi a hankali, Seu Aristeu," in ji Genilda. "In ba mu gama yau ba akwai Lahadi."